Yadda Naitirojin Ke Shiga Ƙasar da Ƙanƙara Ta Bari



Kashi 78 cikin 100 na iskar duniya naitirojin ne, amma tsiro ba ya iya ɗibarsa daga iska da kansa, sai wasu ƙwayoyin bakteriya sun kama shi sun sauya masa siffa. Manomin da ya tuge gyaɗa ya ga ƙulle-ƙulle a saiwarta, to ya ga gidan irin waɗannan ƙwayoyin. A tsohuwar gona da wuya a gane mafarin wannan aiki, don haka masana suka nufi ƙasashen sanyi, inda kogin ƙanƙara kan narke ya bar sabuwar ƙasa, tsakuwa da yashi zalla.

Wurin da ya fi shahara a wannan bincike shi ne Gilashiya Be, wani gaɓar teku a Alaska ta Amurka. Sa'ad da Kyaftin George Vancouver ya iso can cikin 1794, ƙanƙara ta rufe kusan wurin duka. Kafin 1916 ta ja da baya wajen mil 60. Watau ke nan tazarar wuri daga bakin ƙanƙara ita ke nuna shekarun ƙasarsa. A 1916 ɗin ne William Cooper ya kewaye 'yan filaye ƙanana don a riƙa duba abin da ke tsirowa, kāna a 1955 Crocker da Major suka buga sakamakon awon ƙasar.

Sun tarar cewa ƙasar da ƙanƙara ta saki kwanan nan kusan babu naitirojin a cikinta. Gansakuka ke fara kama ta, sai wani ɗan tsiro mai shimfiɗa da ake kira diriyas, sa'an nan itacen alda. Diriyas da alda duka suna ɗauke da bakteriya mai kama naitirojin a saiwoyinsu. Ganyen alda kan zube ya ruɓe, wasu ƙwayoyin su warware shi, naitirojin ya taru. Cikin shekara kamar 50 ƙasa mai kanwa-kanwa ta koma mai tsami. Daga baya itacen sifurus kan yi tsawo ya rufe alda da inuwa, sai tarin naitirojin ya fara raguwa, domin mai kawo shi ya tafi.

Har wa yau aikin bai tsaya a ƙasa kaɗai ba. A tsibiran Sibalbad na Nowe, baƙar ƙura kan sauka bisa ƙanƙara, ta sha zafin rana, ta huda 'yan ramuka masu ruwa. Cikin 2011 masana daga Jami'ar Biristol suka nuna cewa ƙwayoyin da ke cikin ramukan kan kama naitirojin na iska bayan wanda dusar ƙanƙara ta kawo ya ƙare.

Yanzu ɗumamar yanayi tana narkar da kogunan ƙanƙara a yawancin duwatsun duniya, sabuwar ƙasa tana ta bayyana, ruwan narkewa kuma yana kwashe naitirojin zuwa tafkuna da teku. Sanin wannan kewayi ne zai nuna abin da zai tsiro a can. Ga ma'aikacin gona da na gandun daji kuwa, abin lura shi ne: ƙarfin ƙasa rayayyun halittu ne ke tara shi, a hankali, cikin shekaru masu yawa.