ƘURI'AR MURIDI SHAIDA CE A GABAN ALLAH

Da sunan Allah nake farawa, gare Shi nake neman taimako. Godiya ta tabbata ga Ubangijin talikai, mai bayar da mulki ga wanda Ya so, mai karɓe shi daga wanda Ya so. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa tsarkaka, da sahabbansa zaɓaɓɓu. Allah Ya ƙara yarda ga Shehunmu Sidi Abdulƙadir Jilani, Ya jiƙan shehunnanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ja zamanin waɗanda suke raye.



Bayan haka, an ɗora mini yin magana a kan wani al'amari da ba ya rabuwa da zawiyoyinmu duk lokacin da kakar siyasa ta kama. Da an idar da wuridi sai ka ga almajiri ya matso kusa da muƙaddaminsa, ya sassauta murya, ya ce: Malam, wa za mu yi? Tambaya ce ta ladabi, amma amsarta tana da nauyi. Abin da zan faɗa a kanta guda ɗaya ne: ƙuri'a shaida ce. Duk wanda ya dangwala wa mutum, ya shaida a gaban Allah cewa a iyakar saninsa wannan ne ya fi cancanta da wannan kujera a cikin waɗanda suka tsaya. Ita kuwa shaida ba a ba da aronta, ba a sayar da ita, ba a kuma ɓoye ta. Allah Ya hana ɓoye shaida a ƙarshen Suratul Baƙara, Ya haɗa shaidar zur da bautar gumaka wajen hani a Suratul Hajji, Ya kuma umarce mu a Suratun Nisa'i da tsayar da gaskiya ko da a kan kanmu ne, ko iyayenmu, ko danginmu.

Kada wani ya zaci cewa maganar shugabanci baƙuwa ce a gidan Ƙadiriyya. Masu tarihin Shehu Abdulƙadir, wanda ya rasu a Bagadaza a shekara ta 561 bayan Hijira, sun ruwaito cewa ya tsawata wa halifan zamaninsa daga kan mumbari saboda naɗa azzalumin alƙali. Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda Baƙadire ne, ya wallafa Kitabul Farƙi domin bambance mulkin adalci da na zalunci. Ƙanensa Shehu Abdullahi, da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'a, sai ya kama hanyar gabas, ya yada zango a Kano, a nan ya rubuta Diya'ul Hukkami bisa roƙon mutanen gari. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Umaru Dallaje na Katsina Usulus Siyasa. Waɗannan bayin Allah duk masu wuridi ne, masu tsayuwar dare, amma zikiri bai shagaltar da su daga tambayar wa ke riƙe da amanar talakawa ba. A zamaninsu malami ke yi wa sarki nasiha. A namu zamanin an miƙa wa kowane baligi mai shekara 18 rabonsa na wannan nauyi.

To, da wane ma'auni za mu auna? Alƙur'ani ya ba mu shi a wurare biyu. A Suratul Ƙasasi, 'yar dattijon Madyana ta nemi mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa aiki saboda siffofi biyu: ƙarfi da amana. A Suratu Yusufa, Annabi Yusufu ya nemi riƙon taskokin Masar, ya kafa hujja da tsarewa da kuma sani. Ke nan iya aiki da riƙon amana, su biyu tare. Mu tuna da Abu Zarril Gifari, sahabin da ba a shakkar gudun duniyarsa. Ya nemi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi muƙami, sai ya hana shi, ya nuna masa cewa yana da rauni, shi kuwa shugabanci amana ce mai zama nadama ranar Lahira ga wanda bai sauke haƙƙinta ba. Idan tsoron Allah irin na Abu Zarri bai wadatar shi kaɗai ba, yaya dogon carbi da farin rawani za su wadatar?

Wannan ya kawo mu inda gizo yake saƙa. Idan zaɓe ya ƙarato, 'yan takara sukan cika zawiyoyi. Wanda ba a taɓa ganinsa a halƙa ba sai ya zo ya durƙusa, ya nemi addu'a, ya ajiye hadiyya, masu ɗaukar hoto suna biye da shi. Ƙofar shehu a buɗe take ga kowa, mai mulki da marar mulki, kuma addu'ar shiriya ba a hana ta kowa. Amma ya ɗan'uwa, hoton ɗan takara a gaban shehu ba fatawa ba ce. Haka kuma idan ɗan takara ɗan'uwanmu ne a ɗariƙa, yana da haƙƙin so da nasiha da addu'a a kanmu. Ƙuri'a ba ta cikin wannan haƙƙi sai in ya cancanta. Hasali ma shi ya kamata mu fi tsananta wa bincike, domin in ya ci amana ba sunansa kaɗai zai ɓata ba.

Wani zai ce: ai an karantar da mu cewa muridi yana miƙa wuya ga shehunsa. Gaskiya ne, a fagen tarbiyyar zuciya da suluki. Neman shawarar malami a kan zaɓe abu ne mai kyau, domin ya fi mu hangen nesa. Sai dai malamin da ke birni bai san ɗan takarar kansilan ƙauyenku kamar yadda ka san shi ba. Kai ka san ko yana biyan bashi, ka san yadda ya yi da gadon marayun gidansu, ka san abin da ya faru da kuɗin ƙungiya lokacin da aka ba shi ajiya. Ranar tsayuwa kai za a tambaya a kan abin da ka sani.

Sannan kowace kujera da irin aikinta, don haka kowace da irin tambayarta. A Nijeriya muna zaɓen shugaban ƙasa, da sanatoci 109, da 'yan majalisar wakilai 360, da gwamnonin jihohi 36 da majalisunsu, da shugabannin ƙananan hukumomi 774 da kansilolinsu. Jihar Kano kaɗai tana da ƙananan hukumomi 44. Shugaban ƙasa shi ke riƙe da sojoji da 'yan sanda da manyan manufofin tattalin arziki. Kowa ya ga yadda furuci ɗaya a kan janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023 ya shiga tukunyar kowane gida. Wanda za a ba wannan kujera, a tambayi iliminsa, da lafiyarsa, da irin mutanen da ke kewaye da shi. Gwamna yana riƙe da makarantun sakandare, da manyan asibitocin jiha, da filaye, da albashi da fansho. A tambayi yadda ya yi da haƙƙin ma'aikata a duk inda ya taɓa shugabanci. Ɗan majalisa aikinsa yin doka ne, da tantance kasafin kuɗi, da sa ido a kan masu zartarwa. Rabon babura da keken ɗinki ba shi ne aikin da aka tura shi yi ba. A tambaya: zai iya karanta kasafi ya gane? Zai iya buɗe baki a zaure ranar da ubangidansa ya karkace?

Ƙaramar hukuma kuwa ita muka fi rainawa, alhali ita ta fi kusa da ƙofar gidanmu. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora mata kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da maƙabartu, da kwashe shara, ya kuma ba ta hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma ba a yarda a maye gurbin zaɓaɓɓu da kantomomin riƙo ba. Hukuncin kotu ba ya gyara magudanar ruwa da kansa. Sai mutanen mazaɓa sun san sunan kansilansu, sun san ƙofar gidansa, sun kuma fito ranar da hukumar zaɓe ta jiha ta sanya.

Saboda wannan bambanci ne nake jan hankalinmu game da abin da ake kira "sak", wato dangwala wa jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa ba tare da duba mutum ba. Sau da yawa mutumin kirki ɗaya yakan zama rumfa, baragurbi goma su fake a ƙarƙashinsa. Ba ka taɓa sayen buhun hatsi don ka ga na sama yana da kyau, sai ka zura hannu ciki. Kowace takardar ƙuri'a shaida ce mai zaman kanta.

Yaya ake binciken? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wanda ya taɓa riƙe muƙami, a bar abin da ya ce zai yi, a duba abin da ya yi: a je asibitin a gani ko akwai magani, a shiga ajin a ƙirga yaran da ke zaune a ƙasa. Wanda bai taɓa riƙewa ba, a tambayi maƙwabtansa da abokan cinikinsa da waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa. A tambayi asalin dukiyarsa. A duba wa ke ɗaukar nauyin takararsa, domin wanda ya biya kuɗin kiɗa shi ake yi wa waƙa. A lura da matasan da ke bin motarsa: littafi ne a hannunsu ko gora da ƙwaya? Wanda ya mayar da ɗan wani ɗan jagaliya, nasa 'ya'yan suna karatu a ƙasar waje, ya riga ya gaya maka matsayinka a wurinsa. A kuma kiyayi labarin da ke yawo a waya ba tare da tushe ba, domin Suratul Hujurati ta umarce mu da tabbatar da labari kafin mu yi aiki da shi. Idan aka auna duka aka ga babu wanda ya cika, ƙa'idar malaman fiƙihu sananniya ce: a ɗauki mafi sauƙin cutarwa domin kauce wa mafi girmanta.

Sai maganar sayar da ƙuri'a. Na san halin da ake ciki, kuma mai jin yunwa ba a yi masa wa'azi da izgili. Amma mu yi lissafi. Idan aka ba mutum naira 5,000 a bakin rumfa, aka raba ta a kan kwanakin shekara huɗu, ba ta kai naira huɗu a rana ba. Wannan shi ne farashin da ya sa wa lafiyar matarsa da karatun ɗansa. Wanda ya sayi kujera kuwa ɗan kasuwa ne, sai ya mayar da uwar kuɗi da riba, kuma daga baitulmali zai cire. Ya zo a hadisi ingantacce cewa cikin mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar Ƙiyama akwai wanda ya yi wa shugaba mubaya'a don abin duniya kawai, in an ba shi ya cika alkawari, in an hana shi ya saɓa. Mu da muke iƙirarin zuhudu mu ne mafi cancanta da jin tsoron wannan. Ina jan kunnen masu karɓa da sunan zawiya ko da sunan ƙungiyar muridai: jama'ar Shehu ba haja ba ce da za a yi cinikinta a ɗakin otal.

Iyayenmu mata, ku ake fara nufa da atamfa da taliya da sabulu, domin an san ku ne masu haƙurin tsayuwa a layi. Ku tuna cewa a zaɓen 1959 matan Arewa ba su da ikon jefa ƙuri'a, sai a 1979 suka shiga babban zaɓen ƙasa, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba. Abin da aka sha wuya kafin a samu bai kamata a bayar da shi a kan turmin zane ba.

Masu cewa siyasa ƙazanta ce, su zauna a gida, su ma ga tasu. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Zaman gida bai hana a naɗa shugaba ba, bai kuma kuɓutar da kowa daga hukuncinsa ba. Wanda aka kira shaida ya ƙi zuwa, ya bar wa mai shaidar zur fili.

Daga ƙarshe, ɗariƙa ba jam'iyya ba ce. Tarihi ya nuna mana yadda a shekarun 1950, lokacin hamayyar NPC da NEPU, siyasa ta shiga tsakanin 'yan ɗariƙu a lardin Sakkwato har aka kai ga tashin hankali. Mun kuma ga ɗaruruwan rayukan da suka salwanta a Arewa bayan zaɓen 2011. Jam'iyyu nawa aka yi aka shafe tun daga wancan lokaci, amma bandiri bai daina tashi ba? A sahu ɗaya za ka samu mai wannan jam'iyya da mai waccan, kafaɗa da kafaɗa. Kada mu yarda abin shekara huɗu ya raba abin da aka ƙulla don Allah. Muƙaddami ya karantar da ma'auni, ya bar wa muridi awo. Muridi ya yi bincike, ya yi shawara, ya yi istihara, ya je ya dangwala, ya koma gida lafiya. Bayan an rantsar da wanda ya ci, ko namu ne ko ba namu ba, yana da addu'a da nasiha a kanmu, mu kuma muna da haƙƙin tambayarsa.

Ya Allah, Ka shugabantar mana da zaɓaɓɓunmu, kada Ka ɗora mana waɗanda ba sa jin tsoronKa kuma ba sa jin tausayinmu. Ka zaunar da ƙasarmu lafiya, Ka yalwata arzikinta, Ka haɗa kawunanmu a kan gaskiya, albarkar Annabi da Alƙur'ani. Allah Ya maimaita mana, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.