Ka Nemi Takardar Gonarka

Yau zancen takardar gona ya kawo ni. Yawancin gonakinmu, na gado ne ko saye ko jingina, ba su da shaida sai bakin dagaci da dattawan unguwa. To, ran da Allah ya yi musu rasuwa fa? Sai rigimar iyaka, ana jelen gaban alƙali damina tana wucewa.

Tun 1978 dokar ƙasa ta ba ƙaramar hukuma ikon ba manomin karkara shaidar riƙon gona, har hekta 500. Ku je ofishin filaye ku nema. Ko jingina kuka yi, a rubuta: maƙwabtan gabas da yamma, kudu da arewa, kuɗin da aka biya, shaidu, da kwanan wata. Takardar kuwa a sa ta cikin gwangwani mai murfi, saboda gara.