JAWABI A KAN KUNYA DA SUTURA

Jama'a, musamman 'yan Arewa mazauna Ikko, Badun da Fatakwal.

Maganar tsiraici tsohuwa ce. Suratul A'arafi ta ba da labarin yadda Annabi Adamu da Hauwa'u suka rufe jikinsu da ganye da al'aurarsu ta bayyana, littafin Farawa na Kirista ma haka ya nuna. Malamai sun iyakance al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa. Ibn Battuta kuwa, da ya ziyarci Mali a 1352, ya yaba wa mutanenta a kan tsare salla, amma ya yi tir da yadda kuyangi ke fita ba sutura.

To, a dubi ƙasar Mubi. A da, Fali da Gude da Higi mazauna duwatsu yawancinsu fata da ganye suke ɗaurawa, mutanen gari na yi musu dariya. Amma me ya tsare su a kan dutse? Harin bayi yana cikin manyan dalilai. Hamman Yaji, hakimin Madagali, da kansa ya sa aka rubuta hare-harensa tun daga 1912, kafin Turawa su tuɓe shi a 1927. Wanda ke gudun kamu ba ya saukowa kasuwa sayen zane. Da hanya ta yi lafiya, Mubi ta zama hedkwatar Lardin Sardauna bayan ƙuri'ar 1961, sai ciniki da makarantu da wa'azi suka yawaita, sutura ta hau duwatsu. Haka kuma a 1986, zamanin Gwamna Yohanna Madaki na Jihar Gongola, aka yi ta yayata hotunan mutanen Koma kamar abin kallo. Shin wa ya fi cancantar jin kunya, mai ganyen ko mai zuba masa ido?

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. A garuruwan Kudu akan ga ɗan Arewa yana wanka a bakin famfo, ko ya tsuguna gefen titi mata da yara na wucewa. Shi ba shi da uzurin mutumin dutse, don ya san hukunci. Da aikinsa kuma 'yan gari za su auna addininsa da mutanensa duka.

Saboda haka ya kamata sarakunan Hausawa da limamai na kowace Sabo su haɗa kuɗi a gina makewayi da wurin wanka kusa da masallatai da kasuwanni. Mai hali ya tufatar da mara hali, mai ido ya runtse.

Allah ya suturta mu duniya da lahira, amin.