Biznes, Fatauci da Tijara: Sunayen Neman Kuɗi da Haƙƙin da Suke Ɗauke da Shi

 

An nemi in yi magana a kan kalmar Turancin nan da ta cika bakin matasanmu, wato biznes, in kwatanta ta da takwarorinta na Farisanci, harshen mutanen Iran. Na karɓa da murna, domin Tudun Wadar Zariya, inda muke zaune, ta cancanci a yi wannan zance a cikinta. Unguwa ce da ta taso a farkon mulkin Turawa, bayan layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, aka zaunar da baƙi 'yan Arewa a wajen ganuwa, masu neman abinci da sana'a da ciniki. Kuma a nan kusa da mu aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, inda su Malam Abubakar Imam suka yi shekaru suna fama da tambayar da za mu yi fama da ita yau: idan baƙuwar kalma ta zo, a ba ta masauki ne ko a nemo mata 'yar gida?

A tsohon Turanci, fiye da shekara dubu da suka wuce, asalin wannan kalma ba shi da alaƙa da kuɗi. Ma'anarta damuwa ce da ɗawainiya, halin mutumin da abu ya sha masa kai. Daga nan ta koma aikin da mutum ya sa a gaba, sai wajen ƙarni na 18 ta zauna sosai a kan saye da sayarwa. Ba ta kuma yar da tsoffin ma'anoninta ba. Har yau Bature da ita yake kiran kasuwanci, da ita yake kiran shago ko kamfanin da ake kasuwancin a ciki, da ita yake kiran batutuwan da majalisa za ta tattauna, kuma idan zai ce wa mutum "ba ruwanka", ita ce dai yake ɗaukowa. Shi Bature ba ya ruɗewa, domin jimla tana nuna masa wacce ake nufi, kuma yana da dokokin kamfani da na kwangila da suke fayyace abin da kalmar ta bari a dunƙule. Mu kalmar kawai muka ara, muka baro sauran a can.

Mai fassara zuwa Farisanci dole ya zaɓa. Idan saye da sayarwa ake nufi, yana da tejarat, yana da bazargani, wadda ta fito daga bazar, tsohuwar kalmarsu ta kasuwa da ta yaɗu har cikin harsunan Turai. Yana da dad-o-setad, wato bayarwa da karɓa. Idan hanyar cin abincin mutum ake nufi, sai ya ce kasb-o-kar, wato nema da aiki. Cinikin da aka ƙulla guda ɗaya shi ne mo'amele, aikin da mutum yake yi kullum kuwa shoghl. Mutanen Iran sun kafa hukumar kula da harshensu tun 1935, amma duk da haka matasan Tehran su ma suna cewa biznes a hirarsu. Ba mu kaɗai ba ne.

Wanda ya saurara da kyau ya ji wasu kalmomin kamar ya san su. Ya san su kuwa, domin Hausa da Farisanci a rijiya ɗaya suka sha, wato Larabci. Mo'amele ita ce mu'amalarmu. San'at ɗinsu, da suke nufin masana'antu da ita, 'yar'uwar sana'a ce. Shoghl, wadda a wurinsu aiki ce, a wurinmu ta zama shagali da shagala. Tejarat ita ce ta fi ba da mamaki. A Iran suna ne mai daraja, har akwai babban banki mai suna Bank Tejarat. A ƙasar Hausa kuwa, idan aka ce wani ya yi wa wani tijara, cin mutunci ake nufi a bainar jama'a. Daga wannan tushe ɗaya muka ɗauki attajiri, muka ba shi ma'anar mai dukiya ko da bai taɓa sayar da allura ba. Bahaushe bai buƙaci tijara da ma'anarta ta Larabci ba, saboda yana da isassun kalmomin ciniki, kowacce da aikinta.

A nan nake so mu daɗe, domin nan ne dukiyar take. Kasuwanci ita ce uwa. Masanin harsuna Joseph Greenberg ya nuna a 1960 cewa kalmar kasuwa ta shigo mana ne ta hanyar Barebari, tare da karatu da rubutu. Ƙarƙashin uwar nan akwai 'ya'ya da yawa. Fatauci ciniki ne na nesa: falke yana ɗaukar kayansa da jarinsa, ya bi ayari ƙarƙashin madugu, ya sauka a zango, ya yi watanni bai ga gida ba. Haka Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙa kai kanwa da tufafi Gwanja suna dawowa da goro, kuma daga cikin Agalawan nan Alhassan Ɗantata ya fito, wanda ya rasu a 1955. Ɗan koli yana da ƙananan kaya, madubi da zare da kwalli, yana bin kasuwannin ƙauye. Mai talla yawanci ba nasa yake sayarwa ba, na uwarsa ne ko na uwar ɗakinsa. Mai sari yana saye da yawa ya raba wa masu sayarwa ɗai-ɗai. Mai sana'a, kamar maɗinkan manyan riguna na cikin birnin Zazzau, aikin hannunsa yake sayarwa. Dillali ba shi da kaya ko ɗaya: yana haɗa mai saye da mai sayarwa, ya zama shaida, ya karɓi la'adarsa. Fatoma kuma shi ne mai masaukin fatake, yana ajiye musu kaya da kuɗi, yana tsaya musu.

Ku lura da abin da kowace kalma take gaya wa mai sauraro. Tana faɗa masa wane ne mai kaya, wane ne mai jari, daga ina riba take fitowa, kuma idan asara ta zo a kan wa za ta faɗa. Idan mutum ya ce shi dillali ne, ka san kada ka ba shi kuɗinka ajiya don ya juya, kuma ka san in saniyar da ya sayar maka ta zama ta sata, shi za ka fara kamawa ya nuna mai ita. Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan ya fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana yadda ake sayar wa mahauta shanu bashi ba tare da takarda ba, saboda mai gida ya tsaya a tsakani, sunansa ne jingina. Tsarin ya yi aiki ne don kowa ya san sunan matsayinsa da haƙƙin da ke rataye da sunan.

Hatta ciniki ɗaya a kasuwar Tudun Wada yana da matakai masu suna. Mai kaya ya sa suna, mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, ya ce ya sallama, a biya, a nemi gyara. Kalmar "na sallama" ita ce iyaka. Kafin ta kowa yana da damar tafiya, bayan ta magana ta ƙullu. Na daɗe ina sha'awar cewa kalmar ƙin tayi a wurinmu addu'a ce. Mai kaya bai yarda da kuɗinka ba, amma bai kore ka ba.

Malamanmu na zaure sun ƙara wa wannan tsari ƙarfi. Duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya ratsa babin ciniki, ya ji sharuɗɗan ƙiradi: wani ya kawo jari, wani ya kawo ƙarfinsa da saninsa, a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya, rabi ko sulusi. Idan an faɗi ba da sakaci ba, mai jari ya rasa kuɗinsa, mai juyawa ya rasa wahalarsa. Ba a yarda a yanka wa mai jari wani adadi tabbatacce tun kafin a fara ba. Irin wannan tsari ne bankin Jaiz, da ya fara aiki a 2012, yake kira mudaraba.

Yanzu sai mu dawo kan baƙuwarmu. Saurayi ya zo neman aure, a tambaye shi sana'arsa, ya ce yana biznes. Abokinka ya ce ka kawo dubu ɗari biyu akwai wani biznes. Me aka gaya maka? Ba a ce fatauci ba, balle ka tambayi wane gari da wane kaya. Ba a ce dillanci ba, balle ka tambayi kayan wa. Ba a ce ƙiradi ba, balle ka tambayi kaso. Kalmar ta zama kamar buhun da aka ɗaure bakinsa aka ce ka saya, kuma kwarjinin Turancinta yana sa mutum ya ji nauyin cewa a kwance ya gani, kada a ce shi baƙauye ne.

Wannan jin nauyin ya ci dukiyar mutane. A 2016 shirin MMM ya yi wa 'yan Nijeriya alkawarin ƙarin kashi 30 cikin ɗari a wata guda, a Disambar shekarar ya rufe asusun jama'a. A Afrilun 2025 wata harka irin wannan mai suna CBEX ta rushe da kuɗin mutane masu yawa, bayan ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya. Waɗanda suka shiga ba wawaye ba ne. Akwai malaman makaranta da ma'aikata da matan aure masu adashi. Amma da an tilasta wa mai kawo tallan ya faɗi abin da Hausar kasuwa, da ya rasa kalma. Ba fatauci ba ne, don babu kaya. Ba sana'a ba ce, don babu abin da ake ƙerawa. Ba ƙiradi ba ne, don an yanka riba tun ba a juya ba. Abin da ya rage shi ne a karɓi na wanda ya shigo yau a biya wanda ya shigo jiya, kuma kakar kowa a cikinmu ta san sunan wannan.

Kada a fahimce ni a matsayin mai gaba da aro. Kanti da kamfani da banki da rasit duk daga Turanci suke, kuma sun zo da abubuwan da ba mu da su, sun yi mana amfani. Kamfani musamman kalma ce mai nauyi da ya kamata 'yan kasuwarmu su san ta sosai. A Hukumar Rajistar Kamfanoni, wadda aka kafa a 1990, rajistar sunan kasuwanci daban take da rajistar kamfani. Wanda ya yi rajistar suna kawai, shi da shagonsa abu ɗaya ne a idon doka: in shagon ya ci bashi, ana iya bin gidansa da motarsa. Kamfani mai iyakantaccen alhaki kuwa doka tana ɗaukar sa a matsayin mutum mai zaman kansa, bashinsa nasa ne, kuma tun dokar 2020 mutum ɗaya ma yana iya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Mutane da yawa suna riƙe da takardar farko suna zaton ta biyu ce, saboda duka biyun "rajistar biznes" ake ce musu a titi. Sannan a yi adalci: Hausa ma tana da nata mayafin. Wanda ya ce yana "'yar harka" ko yana "buga-buga" bai fi mai biznes bayani ba. Bambancin shi ne waɗannan mun san su, muna jin su muke ɗaga gira.

Ina da roƙo ga ɓangarori uku da ke cikin wannan zaure. 'Yan jarida da masu fassarar rediyo, idan labari ya zo muku da wannan kalma, ku yi abin da mai fassarar Farisanci yake yi, ku tsaya ku zaɓa: kasuwanci ne, ko kamfani, ko sha'ani, ko batun da majalisa ta tattauna. Malamanmu na Jami'ar Ahmadu Bello, na sashen harsunan Afirka a Samaru da na shari'a a Kongo, tazarar da ke tsakanin Kongo da kasuwar Tudun Wada ba ta kai a hau mota ba. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya tattara kalmomin fatake da yawa, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ya ƙara, amma ana bukatar ɗan littafi da zai jera kalmomin cinikin Hausa, kowacce da hukuncinta a fiƙihu da matsayinta a dokar ƙasa, wanda mai shago zai iya karantawa. Dattawan da suka yi zamanin awon gyaɗa da auduga suna ƙarewa, kuma akwai kalmomin da a bakinsu kaɗai suka rage. A je musu da na'urar ɗaukar magana tun suna nan.

Shugabannin kasuwa kuma, ku ne kuke sasanta rigima idan yaro da ubangidansa sun saɓa, ko abokan jari sun rabu. Ku sa ya zama al'ada, duk wanda zai karɓi kuɗin wani a ƙarƙashin ƙungiyarku, a rubuta a takarda da Hausa, da boko ko da ajami, cewa wannan bashi ne, ko ajiya, ko ƙiradi, ko haɗin jari, a faɗi kason kowa da wanda zai ɗauki asara, shaidu biyu su sa hannu, ƙungiya ta ajiye kwafi ɗaya.