Jawabin Tunawa da Inna Ma'aji



Shugabar ƙungiya, iyayena, yayyena da ƙannena, da Baba Malam da ya daure ya zo mana tare da 'ya'ya da jikoki, sannunku da zuwa.

An ce in yi magana a kan Inna, Allah ya jiƙanta. Na so a ba wata, don ni da na ambace ta sai murya ta ƙi. To amma littafinta a hannuna yake yanzu, ba ni da mafita.

Yawancinmu a bakin kaskon ƙuli-ƙuli muka san ta, tun ƙungiyar nan tana ɗan adashi a tsakar gidanta. Ita ke aikawa Dawanau a sayo mana gyaɗa da kaka, lokacin da take araha. Ba ta yi boko ba, da ajami take rubuta zubi, amma in ta ce kuɗinki kaza ne, to kaza ɗin ne. Faɗa kuwa, akwai shi! Wadda ta taɓa makara ranar zubi ta san abin da nake nufi.

Kun tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Tsofaffin ɗari biyu, ɗari biyar da dubu ana ƙin karɓa, sababbin ba a ganinsu, man gyaɗarmu ya yi kwantai. Ni dai wata biyu ban yi zubi ba, ga maigidana a kwance. Kowane taro ina zuwa gabana na faɗuwa, ina jiran a kira sunana cikin waɗanda suka gaza. Ba a kira ba. Na ɗauka mantuwa ce, na ja bakina na yi shiru, Allah ya yafe mini.

Bayan sadakar arba'in, babbar 'yarta ta kawo mini littafin. Ajamina ba shi da ƙarfi, sai jikan Inna, wanda ya sauke bara, ya zauna yana karanta mini. A gaban sunana, watannin nan biyu, an rubuta na biya. A gefe kuma akwai ɗigo uku. Muka yi ta buɗa shafuka baya, sai ga ɗigon nan a gaban sunaye da dama, wasu tun shekaru masu yawa. Baba Malam ne ya warware mana: duk inda alamar take, daga aljihunta ta cike. Ya ce akwai shekarar da ragon da take kiwo don layya ya bar gidan, bai tambaye ta ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Ba zan karanta sunaye ba. Abin da ta rufe da ranta, ba ni zan buɗe shi bayanta ba. Nawa kaɗai na faɗa.

Mun je wurin magada don a mayar musu, suka ce kyauta ta yi, ba bashi ba, ba za su karɓi ko kwabo ba. Saboda haka kwamiti ya ajiye akwati a bakin ƙofa. Duk wadda ta san akwai ɗigo a gaban sunanta, ta saka abin da ya sauwaƙa, ba a rubuta suna. Da shi za a riƙa cike wa wadda zubi ya gagara.

Baba, Allah ya ƙara muku haƙuri. Allah ya haskaka kabarinta, ya sa Aljanna ce makomarta. Mu yi mata fatiha.