JAWABIN SHUGABAR MATA KAN ƘARIN JINI GA MASU SANKARAR JINI

Ga jawabin da na yi a zamanmu, na sa an rubuta don waɗanda ba su samu zuwa ba, musamman matan Kuchi, Sanyinna da Dogon Daji. Yau mu aje maganar zaɓe, maganar jini za mu yi.

Sau da dama ana turo saƙo cikin wanga zaure: ɗiyar wance tana kwance Sakkwato, ana neman jini. Mu yi addu'a, mu tara kuɗi, bayan sati 3 a sake turo saƙo kan yarinya guda. Sai a fara gunaguni, wai ina jinin da anka ƙara mata? Har wasu su ce mayu ne ke shanyewa.

Ba mayu ba ne, 'yan'uwa. Cikin ɓargo ake ƙera jini. Sankarar jini takan cika ɓargon da gurɓatattun ƙwayoyi, masu kyau su rasa wuri. Maganin kuma, wanda ake kira kimo, yana kashe gurɓatattun amma yana taɓa na kirki. Shi ya sa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an ba da shi jini ke yin ƙasa sosai. Likitoci sun san da haka, ba alamar magani ya ƙi ba ce.

Abu uku ke raguwa. Jajayen ƙwayoyi in sun yi ƙasa, za ku ga kasala, haki, jiri, tafin hannu ya yi fari. Su ake dubawa da gwajin PCV. Ban hana zogale, hanta ko madara ba, abinci ne mai kyau. Amma ɓargon da ke kwance ba maganin ƙarin jini na kemis zai tashe shi ba. In likita ya ce leda, to leda ce.

Sai ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da jini. Alamarsu haɓo, jini a dasashi, ɗigo-ɗigo ja a fata, ko al'ada ta ƙi tsayawa. Nan nake roƙonku da babbar murya: kada a kai majinyacin wurin wanzami. Babu ƙaho, babu tsaga, babu cire beli, kaciya ma a ɗaga sai likita ya yarda. A bar aswaki mai tauri. Kada a sayo asfirin, ibuprofen ko diclofenac, suna ƙara zubar jini.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na fararen ƙwayoyi, sojojin jiki. Mun saba in jiki ya yi zafi mu ce zazzaɓin sauro ne, a sha farasitamol a jira safe. Ga mai shan kimo, wagga jira tana iya cin rai cikin awoyi. A sayi ma'aunin zafin jiki a aje ɗaka. Ya nuna 38, ko majinyaci na rawar ɗari, a tashi ko tsakar dare ne. Daga Tambuwal zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo kusan kilomita 100 ne, daga Kebbe ya fi haka, don haka a fara da babban asibiti mafi kusa, a nuna kati, a ce yana kan kimo, a kira likitansa na Sakkwato. Mu kuma masu dubiya mu rage cika ɗaki. Mai mura ko tari ta gaishe su ta waya, zumunci bai ɓaci ba.

Mai jinya, in an rataya leda ki zauna kusa. Kin ga sanyi, ƙaiƙayi, ciwon baya, numfashi sama-sama ko fitsari ya yi duhu, kira nas nan take. Kuma kada ki taɓa robar don ya yi sauri.

To jinin daga ina? Ba a ƙera shi a kamfani, daga jikin mutum yake fitowa. Ƙwayoyin tsayar da jini ma ba su wuce kwana 5 a ajiye. Kuma ga abin da da yawa ba su sani ba: a wanga ciwo wani lokaci likita ba ya son a sa wa majinyaci jinin dangi na kusa kai tsaye, musamman in ana tunanin dashen ɓargo nan gaba. Ke nan bare ake buƙata, baren nan kuwa mu ne.

Mai shekara 18 zuwa 65, mai nauyin kilo 50 ko fiye, mai lafiya, yana iya bayarwa. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba cikin kusan lita 5 da ke jikin babba, kuma jiki na mayar da shi. Ana gwada shi don ƙanjamau, ciwon hanta da tunjere kafin a sa wa kowa. Mai ciki da mai shayarwa su yi haƙuri, su turo maigida da samarin gida. Masu tambaya ko jini na haramta aure kamar nono, malamai sun ce ba ya haramtawa.

Mun iya cika motoci ranar gangami. Ina son kowace shugabar mata ta mazaɓa ta kawo sunan mutum 10 da sunka yarda, da rukunin jininsu in sun sani. Ba ruwanmu da jam'iyyar majinyaci. Kuɗin mota zuwa Sakkwato za mu fitar daga adashinmu. A miƙa sunayen ga sakatariya kafin zamanmu na gaba, ta waya ko hannu da hannu, kada a zuba lambobin mutane cikin zaure.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalamu alaikum.