Lacca: Yadda Ɗalibai Su Ke Koyon Shugabanci

 

Maganarmu ta yau a kan 'ya'yanmu ne da ke makaranta. Kowa a nan ya san abin da ya ke fitarwa daga aljihunsa domin littafi da tufafi da kuɗin jarrabawa. In an tambayi uba abin da ya ke so, sai ya ce yaro ya ci jarrabawa ya sami aiki. Wannan daidai ne. Amma akwai abin da takardar shaida ba ta nunawa, watau ko yaron nan ya iya tsayawa gaban jama'a ya faɗi gaskiya, ko zai riƙe amanar kuɗin taro, ko zai ja 'yan'uwansa zuwa ga abin kirki. Wannan shi ne shugabanci. Waɗansu suna zaton gadonsa a ke yi, waɗansu kuma sun ce sai mutum ya yi furfura. Mu kuwa mun ce koyonsa a ke yi, kamar saƙa ko jima ko dillanci. Za mu kawo muku shaida daga ƙasar Amurka.

A Amurka akwai wata irin makaranta da a ke kira ƙaramar kwaleji. Yaro ya kan shige ta bayan ya gama sakandare, ya yi shekara biyu kurum, sa'an nan ko ya kama aiki ko ya wuce jami'a. Ta farko cikin waɗanda hukuma ta riƙe an buɗe ta a garin Joliet cikin 1901. Kuɗinta bai kai na jami'a ba, ga ta kusa da gida, saboda haka da yawa daga masu shigarta 'ya'yan marasa ƙarfi ne. A garin Rock Hill, cikin jihar Karolina ta Kudu, an yi wata irinta mai suna Friendship, ma'anar sunan kuwa abuta. Baƙaƙen fata 'yan ɗarikar Baptis ne su ka kafa ta da guminsu cikin 1891, domin a zamanin nan ba a yarda ɗan baƙar fata ya zauna aji ɗaya da ɗan Bature a kudancin Amurka ba.

To, ku 'yan kasuwa, ku saurari yadda ciniki ya ke a garin a lokacin. Akwai manyan kantuna, ɗayansu sunansa McCrory's. Baƙin mutum ya na da ikon shiga ya sayi zare da sabulu da kwano, a karɓi kuɗinsa a jefa cikin akwati ɗaya da na Bature. Amma cikin kantin nan akwai wani dogon tebur da kujeru inda a ke sayar da abinci, nan kuwa ba shi da ikon zama. Kuɗinsa ya na da kyau, shi ne ba shi da kyau. Wane ɗan kasuwa ne a cikinku zai ce wannan ciniki ne na gaskiya?

Ran 1 ga Fabrairu 1960, ɗalibai huɗu a garin Greensboro na Karolina ta Arewa su ka zauna a irin wannan tebur cikin kantin Woolworth, su ka ƙi tashi. Labari ya bazu. Ran 12 ga watan, ɗalibai wajen ɗari a Rock Hill, yawancinsu 'yan Friendship, su ka yi haka su ma. Su ka shekara suna zaman kanti, suna zagayen ƙofarsa da alluna a hannu. A kama su, a ci su tara, iyaye da ƙungiyoyi su yi karo-karo su biya, su fito, a sake kama su. Kuɗin talakawa na ta kwarara cikin baitulmalin hukumar da ke zaluntarsu, masu taimako kuma sun fara gajiya.

Nan ne fa shugabanci ya bayyana. Yaran nan su ka zauna su ka yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Su ka ga in sun biya tara, su ne da asara, hukuma ce da riba. In kuwa sun ƙi biya su ka shiga kurkuku, hukuma ce za ta ciyad da su, ta biya gandirobobi, ta kuma sha kunya a idon duniya. Sai su ka tsai da shawara, a kurkuku za su zauna, ba beli, ba tara. Waɗansu ɗalibai a jihar Florida sun riga sun gwada haka cikin 1960, amma daga Rock Hill ne abin ya yi ƙarfi ya zama hanyar da a ke bi.

Ran 31 ga Janairu 1961, samari goma su ka shiga McCrory's su ka zauna. Nan da nan 'yan sanda su ka janye su daga kujerun. Kashegari alƙali ya yanke musu hukunci, ko tarar dala 100 kowannensu, ko ɗaurin kwana 30 da aiki mai tsanani. Ɗaya ya biya, gama ya ji tsoron kada ya rasa taimakon da a ke ba shi na karatu saboda wasanni, ba mu kuwa ga laifinsa ba. Sauran tara su ka zaɓi kurkuku. Ga sunayensu: John Gaines, Clarence Graham, W. T. Massey, Willie McCleod, Robert McCullough, James Wells, David Williamson, Mack Workman, da Thomas Gaither. Takwas na farko ɗaliban Friendship ne. Aka kai su gonar fursuna ta gundumar York, a ka sa su aikin ƙarfi. Da su ka ƙi daina waƙoƙinsu sai a ka kulle su a ɗakin horo, duk da haka ba wanda ya nemi a biya masa ya fita.

Jama'a, kada mu tsaya ga mamakin ƙarfin halinsu kaɗai. Abin da ya kamata mu bincika shi ne, me ya shirya su? Gama Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta.

Abu na farko, an koya musu, sun kuma maimaita. Thomas Gaither, na taransu, ma'aikacin wata ƙungiya ce mai suna CORE, shekarunsa 22 a lokacin. Ƙungiyar nan ta na da hanyar horo. A zaunad da yaro a kujera kamar ya na kanti, abokansa su zama abokan gaba, su zage shi, su ture shi, shi kuwa ya koyi riƙe hannunsa da bakinsa. Wanda bai iya daurewa ba, sai a ba shi wani aiki, kada ya je ya rama ya ɓata wa jama'a shiri. Ku lura kuma, Gaither da kansa a makaranta ya koya. Ya na ɗalibi a Kwalejin Claflin ya ke cikin waɗanda su ka ja ɗalibai wajen dubu a garin Orangeburg cikin Maris 1960, inda a ka watsa musu ruwa da mesar kashe gobara, a ka kama kusan ɗari huɗu. Wanda a ka horar jiya shi ya horad da na yau. Da ya koya musu kuma bai koma gefe ya na kallo ba, tare da su a ka ɗaure shi.

Abu na biyu, manya sun tsaya musu, amma ba su ƙwace musu linzami ba. A Rock Hill akwai wani malamin majami'a, Cecil Ivory, wanda a keken guragu ya ke yawo. Shi ya shugabanci baƙaƙen garin su ka ƙaurace wa motocin haya cikin 1957, har kamfanin ya rufe. Yaran sun tashi suna ganin haka da idonsu. Akwai kuma wata dattijuwa, Ella Baker, wadda ta tara shugabannin ɗalibai a Jami'ar Shaw cikin Afrilu 1960. Manyan ƙungiyoyi kowace na so ta haɗiye ɗaliban su zama reshenta. Ita kuwa ta ba su shawara su kafa tasu, su zaɓi shugabanninsu, su yanke shawararsu. Haka a ka haifi ƙungiyar ɗalibai da a ke kira SNCC. Ra'ayin matar nan shi ne, jama'ar da ta san kanta ba ta rataya ranta a wuyan mutum guda, gama in an kama shi ko an saye shi, kome ya rushe.

Abu na uku, sun san 'yan'uwansu na waɗansu makarantu. Cikin makon da ya biyo bayan ɗaurin, SNCC ta aiko mutum huɗu Rock Hill: Diane Nash, Ruby Doris Smith, Charles Sherrod da Charles Jones. Su ma su ka zauna a kanti, a ka kama su, su ka ƙi biyan tara, su ka yi kwana 30. Iyayenmu mata, ku ji da kyau, biyu daga cikin huɗun nan 'yan mata ne. Wanda ya ce shugabanci na 'ya'ya maza ne kaɗai, bai ji labarin Diane Nash ba.

Abu na huɗu ya na cikin tsarin makarantar kanta. Kwalejin shekara biyu ba ta ba kowa damar daɗewa kan kujera. Kowace shekara rabin ɗalibai su kan fita, sababbi su shigo. Wanda ya shigo bara shi ne babba bana, baɗi kuwa ya tafi. Tilas ne ya koya da sauri, tilas kuma ya koya wa na bayansa tun bai tashi ba, in ba haka ba ƙungiya ta mutu ran da ya karɓi takardarsa. Wannan darasi ne da manya da yawa ba su koya ba har su ka tsufa.

Kada wani ya zaci nasara ta zo da safe. Sun fito a farkon Maris 1961, teburin nan kuwa bai buɗe musu ba tukuna. Sai cikin Yuli 1964 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan dokar da ta hana wariya a wuraren cin abinci da masaukai. Kwalejin Friendship ma ta rufe cikin 1981. Sunan laifi kuwa ya zauna a kansu cikin littafin kotu shekara 54. Ran 28 ga Janairu 2015 a ka sake kiran shari'ar a Rock Hill, a ka soke hukuncin, lauyan gwamnati ya roƙe su gafara. Alƙalin da ya soke, John Hayes, ɗan ɗan'uwan alƙalin da ya ɗaure su ne. Lauyan da ya tsaya musu cikin 1961, Ernest Finney, shi ya sake tsaya musu, bayan ya riƙe muƙamin Babban Jojin jihar tun daga 1994 har 2000. Robert McCullough bai ga ranar ba, ya rasu tun 2006.

To, mene ne namu a ciki? Ba mu ce ku tura 'ya'yanku kurkuku ba, ba mu kuma ce yaro ya bar littafi ya kama rigima ba. Yaran Rock Hill ba su fasa taga ba, ba su jefi kowa ba. Abin da mu ke cewa shi ne mu duba irin shugabancin da a ke koya wa namu. A makarantu da yawa, babban malami shi ke nuna yaro da yatsa ya ce kai ne shugaban ɗalibai, a ba shi bulala, aikinsa ya rubuta sunan masu surutu ya kai ofis. Yaron da ya tashi a haka, abin da ya koya biyu ne, durƙusa wa na sama da taka na ƙasa. In ya girma ya sami kujera, da me za a yi mamaki?

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin hanyar gaskiya. Yaron shago ba ya zama ɗan kasuwa da shara da ɗaukar kaya kaɗai. Sai ran da maigida ya damƙa masa ɗan jari, ya tura shi kasuwar ƙauye shi kaɗai, ya dawo ya zauna ya ba da lissafi. In ya faɗi, a nuna masa inda ya yi kuskure, a sake tura shi. Haka shugabanci ya ke. Icce tun ya na ɗanye a kan tanƙwara shi.

Saboda haka muna roƙonku, duk wanda ke da ɗa ko 'ya a sakandare ko kwaleji, ya je taron iyaye da malamai, kada ya ce shi bai yi boko ba. Ku tambaya, su wa ke zaɓen shugaban ɗalibai, yara ko ofis? Ku nemi a bar su su yi zaɓe da ƙuri'a kowace shekara. Ku nemi ƙungiyarsu ta sami magatakarda mai rubuta abin da a ka zartar, da ma'aji mai karanta lissafin kuɗi a gaban kowa, kome ƙanƙantarsa. Ku nemi a raya ƙungiyar muhawara, inda yaro zai koyi kare ra'ayinsa da hujja, ya kuma saurari wanda ya saɓa masa ba tare da zagi ba. Ku nemi a ba wakilan ɗalibai ranar da za su kai kukan abinci da ruwa da ɗakin kwana gaban hukumar makaranta, a kuma ba su amsa. In 'yarku ta zo ta ce za ta tsaya zaɓe, kada ku ce mata ta yi shiru. A gida kuma, in yaro ya kawo magana mai hankali, a saurare shi ko da shi ne auta.

Malamai kuwa, muna girmama wahalarku, muna kuma tuna muku da Ella Baker. Ku ba da shawara, ku tsawata inda ya kamata, amma ku bar yara su riƙe abinsu da hannunsu.

Iyakar abin da mu ka zo da shi ke nan. Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, Shugaban taro zai ba shi izini.